Tsakanin Nashif da Nadif

Shekarata saba'in da tara a bana, kuma abin da zan ba da labarinsa ya auku shekara ashirin da huɗu da suka shige, a birnin Sabha na ƙasar Larabawa, a zamanin da hukumar ƙasar ta buɗe ƙofofinta ga baƙar fata, ana ta shelar cewa Afirka gida ɗaya ce. A wancan zamani kowace babbar mota da ta ɓullo daga kudu takan sauke mutane iri biyu: waɗanda suka zo da sana'a a hannu, da waɗanda suka zo da ita a baki. Ni ina cikin na farko.

Na koyi gyaran sanyin mota a Kano, na yi shi shekara goma sha tara a Damagaram, kana na haura Sabha. Abin da mu muke ce wa kilim, mutanen Kano suke ce wa eyasi, ba abin wasa ba ne a garin da sitiyari ke ƙona tafin hannu tun da hantsi. Na sami gurbi a wata warsha, wato gareji, a gefen unguwar Sukra. Mai wurin Balarabe ne mai sanƙo, mai saurin yarda da duk wanda ya iya zance. Ya ba ni kusurwar gabas, na rataye agogunan awon iskata a can, na shekara huɗu ana kirana usta, sunan da suke ba gwanin sana'a.

Sai ga wani ya sauka. Bahaushe ne ɗan'uwana, kuma ba zan faɗi garinsu ba, domin kada mutanen garin su ɗauki laifin da ba nasu ba. Bai wuce shekara talatin da biyar ba. Yana da farar riga mai aljihu uku, kowane aljihu da biro, da wata takarda mai hatimi wadda ya lulluɓe da leda kamar ragowar tuwo. Ya ce shi injiniya ne, ya ce kuma ya yi karatun Larabci mai zurfi. Na kasa kunne ga Larabcin nan kwana bakwai, na tarar kalma ɗaya ce tak: bahi, wato to, ya yi kyau. Duk abin da aka faɗa masa, bahi. Da za a ce masa wuta ta kama gefen rigarsa, bahi zai ce. Amma hannunsa tas, farcensa tas, kuma wannan ya isa ya ruɗi mai warsha. Kafin mako ya zagayo ana kiransa muhandis, wato injiniya, ni kuwa na koma "ya haj", abin da ake ce wa kowane tsoho da aka manta amfaninsa.

Ranar wata Laraba mai warsha ya kira ni gefe. Ya ce kusurwa ɗaya ba za ta ɗauki masu sanyi biyu ba. Ya ce gobe wani alhaji mai gonakin dabino a Ghuddwa, babban mai kawo mana aiki, zai zo da farar motarsa wadda kwamfuresa ya mutu mata, kuma muhandis ne zai canza shi. In alhajin ya gamsu, kusurwar ta zama ta muhandis, ni in koma bakin ƙofa wajen faci. Faci! Mutumin da ya yi shekara ashirin da uku yana sauraron numfashin inji, a ce ya tsuguna gaban baho yana neman inda taya ke kumfa. Na koma kusurwata. Amma a zuciyata na yanke cewa in aka ɗauke mini kusurwar nan, ba zan ƙara kwana a Sabha ba.

Kwamfuresa shi ne zuciyar sanyin mota, shi ke tura iskar cikin bututu. Sabo bai samu ba, saboda haka aka ce a je rabish, inda ake wargaza tsofaffin motoci, a samo mai sauran rai. Aka haɗa ni da muhandis, wai in riƙo masa kaya. Mai sayarwa wani dattijo ne mutumin Samnu, mai ƙarancin magana. Ya ɗauko ɗaya daga kan kanta, ya miƙa, ya ɗaga yatsa ya ce, "Nashif. Nashif!"

"Bahi, bahi," in ji muhandis.

Da muka fito ya juyo da fara'a. "Ka ji ko, Baba? Nadif. Tsaf yake, kamar yau aka ƙera shi."

To, nadif shi ne mai tsabta, kuma kowane dillali a Sabha da shi yake yabon hajarsa, ko da jaki ne mai ƙuraje. Nashif kuwa shi ne busasshe. Dattijon yana gargaɗi ne cewa an tsiyaye man da ke ciki sarai. Kwamfuresa kuwa in ya juya babu mai, kansa yake ci.

Na ce, "Malam, ba nadif ya ce ba. Nashif ya ce. Babu ɗigon mai a cikinsa."

Ya yi dariya har biro ɗaya ya faɗo. "Haba Baba! Larabcinku ai na bakin titi ne, ga kunne kuma ya kwana biyu. Kai dai riƙe kaya da kyau, kada ka yar."

Na riƙe. Da muka isa warsha na sake faɗa masa, a gaban mai shayi, wani mutumin Tawa da ke kafa teburinsa jikin bangonmu. Na ce ya kifa abin a kan kofi, ya juya shi da hannu, ya ga abin da zai fito. Haka nake yi tun ina saurayi, kuma da kofin shayi nake auna man da zan zuba.

"Zamanin awo da kofin shayi ya wuce, tsoho," ya ce. "Yanzu ilmi ake yi."

Mai shayi ya ce, "To injiniya, ilmin naka ya hana a duba ne?"

"Kai kuma ji da butarka."

Na je wurin mai warsha na faɗa masa karo na uku. Ya dafa kafaɗata ya ce hassada ba ta dace da furfura ba. Na sauke nauyi sau uku, kuma ban ga dalilin da zai sa in roƙi mutum ya ceci kansa ba.

Da alhajin ya kawo motar, na zauna a benci ina kallon aikin muhandis, in har za a kira shi aiki. Bai wanke bututu ba, alhali tsohon kwamfuresan ya bar garin ƙarfe a ciki. Bai canza matata ba. Ya ɗaura, ya ƙulle, ya cika iska, yana ta buga agogunan awona da yatsa kamar mai gwada kankana. Aka tayar da mota. Sanyi ya fito, domin ko busasshe yakan yi ɗan ƙoƙari kafin ya mutu. Alhajin ya sa fuska a ramin iska yana murmushi, mai warsha ya rungume muhandis, aka yi ta tafi. Mota ta kama hanyar Ghuddwa ana dab da azahar.

Muhandis ya zo ya tsaya a kaina. "Baba, sai a fara sauke tarkacen nan daga bango ko?"

Na ce, "Bari in sha shayina."

Ban gama kofi na uku ba muka ji ƙauri. Farar motar ta shigo a hankali, gilasai duka a sauke, hayaƙin roba yana fita ta ƙarƙashin bonet. Alhajin ya fito rigarsa ta manne masa a baya, fuskarsa ja wur. Bai dubi kowa ba sai mai warsha, kuma abin da ya faɗa masa ba na rubutawa ba ne. Kwamfuresa ya cije, bel ya ƙone ya tsinke.

Muhandis bai rasa baki ba, irinsu ba sa rasawa. Ya ce mai rabish ne ya cuce shi, ya ce masa nadif. Alhajin ya aika aka ɗauko dattijon nan take. Dattijon ya saurari ƙarar, ya dubi muhandis daga hula har takalmi, ya ce, "Nashif na ce, sau biyu, har da yatsa. Wancan tsohon da ya riƙo maka kaya yana tsaye, ya ji."

Sai na tashi. Na kwance kwamfuresan yana da zafi, na ari kofi wurin mai shayi, na kifa shi a kai a gaban kowa. Muka jira. Abin da ya faɗo ɗan garin ƙarfe ne mai ƙyalli, ko laima babu.

Mai shayi ya leƙa kofin ya ce, "Injiniya, yaya dai? Bahi?"

Ba wanda bai yi dariya ba, har alhajin da ba ya jin Hausa. Mai warsha ya matso yana shafa sanƙonsa, ya ce, "Ya usta." Na bar shi ya maimaita kafin in waiwaya.

Kwana biyu na yi a kan motar. Na wanke bututu ɗaya bayan ɗaya har ruwan wankin ya fito fari, na canza matata, na samo wani kwamfuresa wurin dattijon nan, na auna masa mai da kofin shayi, na zuƙe iskar banza kafin in cika ta kirki. Shekara shida na ƙara a kusurwar gabas, kuma motar ba ta sake zuwa don sanyi ba. Muhandis kuwa ya bi wata mota zuwa arewa a makon nan, da takardarsa cikin leda. Ban tambayi labarinsa ba.

Wanda ya yi shakkar wannan zance, ba ni kaɗai na gani ba. Mai shayin nan na Tawa yana raye, ya koma gida yana kiwon tumaki, kuma ya ce kofin yana nan wurinsa. Akwai kuma wani mai walda mutumin Maradi da ya bar aikinsa ya zo kallo, da dattijon rabish mutumin Samnu, in Allah ya bar shi da rai.