Ranar Da Kakana Ya Daina Ce Mini Amarya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan fili, ina tausaya wa masu aiko da labaransu, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan ɗauki alƙalami in faɗi laifin kaina ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka sani sun riga sun sani, sauran kuma darasin kawai nake so su ɗauka.

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da komowa Tasawa daga jami'a ba, da takardar karatun adabi a ƙasan akwati, babu aikin yi. Ni mai shiru-shiru ce tun ina ƙarama. Na fi son in zauna gindin dogon yaron tsakar gidanmu ina rubuta ƴan baitoci a bayan tsohon kaye, wato littafin rubutu na makaranta, ina kallon yadda inuwa ke tafiya a jikin bango. Innata kuwa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'arta tun ina goye. Hannunta yana da albarka, amma kasuwarta ba ta wuce unguwarmu ba. Ganin zama ya yi yawa sai na ce mata ta bar mini talla, ita ta riƙe turmi da kasko, ni in riƙe salula. Ta yi dariya ta ce to, a gani ko bokon zai matso mai.

Na buɗe shafi a dandalin sada zumunta, na fara da abin da na iya. In ɗauki hoton kwalbar mai a hasken hantsi, in rubuta masa baiti a ƙasa, in kwatanta shi da zinariya da hasken rana. Mako uku ina haka. Masu yabo sun samu, yawanci ƙawayen lakkwal da muka yi karatu tare, amma ko kwalba ɗaya ba a saya ba. Wata ƙawata mai sayar da turaren wuta a Maraɗi ta ce mini in daina wahalar da kaina, wai mutane ba waƙa suka zo nema a waya ba, gajiya suka zo saukewa. Ta ce in ba su dariya tukuna, hannunsu zai tafi aljihu da kansa. Maganarta gaskiya ce, har yau ban musa ba. Inda na je neman dariyar ne na yi kuskure.

Kakana na wajen uwa yana Maijirgi, a gonakinsa ake noma yawancin gyaɗar da muke matsa. Tsakanina da shi akwai wasan jika da kaka, irin wanda kowa ya sani a ƙasarmu. Tun ban iya tafiya ba amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa maigida. Da na shiga zaure zai fara, wai ga amarya marowaciya ta zo hannu rabbana, ko goro babu, shi fa ya gaji, kishiya zai yo mini daga Mayahi mai iya dama fura. Ni kuma in ce wace ce za ta yarda da mijin da haƙoransa biyu suka rage, su ma ba su ga maciji da juna, ɗaya gabas ɗaya yamma. Sai ya yi ta dariya har ya share hawaye da bakin rawani. Amma in ya fita daga zauren nan shi wani mutum ne dabam. Tun kafin a haifi innata, in dabbobi suka shiga gona ko aka yi saɓani kan iyaka, shi ake ɗaukowa a amalanken jaki, har ƙauyukan Hawandawaki. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya. Kwarjini ne kawai da gaskiya, in ya yanke magana manomi da makiyayi duk su miƙe su yi musabaha.

Wata ranar kasuwa na je ɗauko gyaɗa, na kai masa sabon ƙuli-ƙulin da muka fara yi da citta da ɗan sukari. Muka fara wasanmu. Na ce in shi namiji ne ya ciza mu gani. Ya gyara zama ya ce yau zan san wa na aura. Sai wani tunani ya faɗo mini, na fito da salula na fara ɗauka. Ya tambaye ni me nake yi, na ce kawuna da ke Agadas zan aika wa don ya ga lafiyarsa. Wannan ƙaryar ita ce ta fi ci mini rai har gobe. Ya kai ƙuli-ƙulin baki, ya ciza da haƙorin gabas ya ƙi, ya mayar na yamma ya kuɓuce, ya runtse ido ɗaya, ya murguɗa baki, rawanin ya zame ya rufe masa fuska. Daga ƙarshe abin ya fashe garas, ya ɗaga hannu kamar ɗan kokawa da ya yi kaye. A mota kan hanyar komawa na ɗora shi a shafina, na rubuta cewa ƙuli-ƙulinmu ko maigidana mai haƙori biyu ya iya da shi.

Kafin kwana uku salulata ba ta hutawa. Ana kira daga Maraɗi, daga Mayahi, daga Attantane, har masu shaguna suna neman a kai musu da yawa. Inna ta ɗauki maƙwabta mata biyu suna taya ta murzar gyaɗa. Ita ba ta duba waya, don haka ba ta san me ya jawo kasuwar ba, ta ɗauka baitocina ne suka yi aiki. Ni kuma na bar ta a haka. Ina jin daɗi, ina ganin kaina mai basira.

Abin da ban lissafa ba shi ne, hoto in ya bar hannunka ya zama na kowa. Wasu suka yanke daidai inda ya murguɗa baki, suka mai da shi ɗan hoton nan da ake jefawa cikin hira don tsokana. Suka cire muryata, suka cire dariyarsa, suka cire kalmar amarya da maigida wadda ita ce ke nuna wasa ne na gida. Abin da ya rage tsoho ne kawai da karkataccen rawani. Mutanen da ba jikokinsa ba, ba taubasansa ba, waɗanda ko zama kusa da shi ba su isa su yi ba, suka samu abin dariya.

Da kaka ta yi, shanun wani makiyayi suka yi ɓarna a gonar wake a wani ƙauye, aka zo aka ɗauke shi kamar kullum. Goggon innata, wadda ke zaune gida ɗaya da shi, ita ta ba mu labari daga baya. Wai yana tsakiyar magana, wani matashi daga dangin mai gonar, da ya ga hukuncin ba zai yi masa daɗi ba, ya ɗaga waya ya nuna wa na kusa da shi. Dariya ta bi sahu. Wani ya ce a kawo wa tsoho ƙuli-ƙuli ya ƙarasa shari'a da shi. Kakana ya nemi a nuna masa, ya daɗe yana kallo. Ya sa takalmansa ya hau amalanke. Taron ya watse ba sulhu, saura kaɗan a zare sanduna.

Da labarin ya iso Tasawa, inna ba ta daka mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta sauke kasko daga wuta, ta ce ashe da fuskar ubanta take soya ƙuli-ƙuli duk kwanakin nan. Washegari na tafi Maijirgi. Na yi sallama a zaure ina jiran ya fara zancen rowa. Ya amsa sallamar cikakkiya, ya kira ni da sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake tambayar baƙuwa. Na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ya ƙara da cewa shi bai ji zafin dariyar ba, ai ya saba ba ni dariya, abin da ya tsaya masa shi ne da na ce kawuna zan aika wa. Ya ce wasan kaka da jika a zaure yake da daɗi, domin duk wanda ke zauren ya san darajar wanda ake tsokana.

Na goge hoton, amma magana zarar bunu ce. Ya daina fita sulhu, ko an zo da amalanke sai ya ce ƙafa ke ciwo. Na yi kwanaki ina tunanin abin da zan iya gyarawa. Daga ƙarshe na roƙi goggo ta nemo mini izininsa, na ɗauki saƙon murya, tunda yawancin mutanen ƙauyukanmu sauraro suke yi ba karatu ba. Ban yi baiti ba, ban yi ado ba. Na faɗi ko ni wace ce a wurinsa, na faɗi cewa yaudararsa na yi, na ambaci irin rigingimun da ya kashe tun kafin a haifi iyayenmu, na roƙi duk mai hoton ya goge don Allah. Na tura shi ta duk hanyoyin da tallar ta bi. Bai yi gudu kamar na dariyar ba, gaskiya ba ta da ƙafar da wasa ke da ita. Amma ya isa inda ya kamata. Makiyayin nan mai shanun, wanda dattijo ne, ya zo da kansa tare da mai gonar, suka zauna ƙofar zaure suka ce ba za su tashi ba sai wanda ya fara maganar ya ƙarasa ta. Matashin ma an kawo shi ya durƙusa. A nan ƙofar gida aka yi sulhun.

Ban bar ban dariya a talla ba, sai dai na sauya wanda ake yi wa. Na koma kaina. Na sa aka ɗauke ni ina fama da tunkuza a turmi, mai takardar jami'a ta yi gumi sharkaf mai ya ƙi fitowa, inna ta karɓa ta juya sau uku ya tsattsafo. Na ɗauki ƙuli-ƙulin da na ƙona na yi masa baitin ta'aziyya. Mutane suka yi dariya, suka kuma saya, kasuwar ta dawo a hankali, wannan karon da tsabta. Duk wanda zai fito a hotona yanzu, sai na nuna masa, na gaya masa har inda abin zai iya kaiwa, ya ce ya yarda.

Wata huɗu yana kirana da sunan yanka. Ranar wata kasuwa na shiga zaure da ƙullin ƙuli-ƙuli, na ajiye a gabansa na gaishe shi da ladabi. Ya ɗaga ƙullin ya auna a hannu, ya taɓe baki, ya ce wai duk ƙasar Maraɗi na cin ƙuli-ƙulin amarya, shi maigida ɗan wannan ne rabonsa, lallai maganar ta Mayahi tana nan. Na buɗe baki in rama, kuka ya riga ni. Ya ce in share hawaye, ba a yi wa miji kuka ranar kasuwa. Salulata tana cikin jaka, ban ko tuna da ita ba.

Ƴan'uwana masu sana'a a waya, musamman mata irina, ku yi ban dariya, yana buɗe zuciya kuma yana kawo ciniki. Amma kafin ku ɗora, ku tambayi kanku wa za a yi wa dariyar, ko ya sani, ko ya yarda, kuma in an yanke muryarku aka bar fuskarsa kaɗai me zai rage. Al'adarmu ta ba mu izinin tsokanar kaka da taubashi, ba ta ba duniya wannan izinin ba. In dole sai an yi wa wani dariya don kayanku su shiga, ku ba da fuskarku, ita ce taku. Ni Allah ya rufa mini asiri, tsohona yana da rai har ya sake ce mini amarya. Ba kowa ke samun wannan ba.