Teburin Baba

Mahaifina ya yi shekara goma sha uku yana aikin kuku a gidan wani Bature a Kano. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, ya raba wa ma'aikatansa kayan gidan, Baba ya samu tebur. Ɗan gajere ne, samansa farin dutse mai sulɓi da jijiyoyi koraye, ƙafafunsa huɗu na tagulla, sirara, sun ɗan baje waje. A kan amalanke aka kawo shi ƙauyenmu, yamma da Dawakin Tofa, mutane suna biye suna kallo.

Ba mu taɓa cin abinci a kansa ba. A ɗakin Baba yake, Alƙur'aninsa da carbi a kai. Kowace Juma'a da hantsi yakan jiƙa tsamiya, ya haɗa da toka, ya goge ƙafafun har su yi ƙyalli. Ko bayan idonsa ya mutu bai daina ba. Da hannu yake lalubawa.

Shekarar da fari ya yi tsanani ina da aure da 'ya'ya uku, kuma ni ne babba a gida. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba. Muka sayar da awaki, sannan jaki. Maiɗakina tana dafa tafasa da ɗan dusa, yara su ci su yi ta zawo. Ƙaramar ta daina kuka ma, sai dai ta bi ka da ido.

Akwai wani maƙeri da ke zagaya ƙauyuka yana karɓar tagulla ya ba da hatsi. Na je wajen Inna na faɗa mata abin da ke raina.

"Ka bari mahaifinka ya tafi masallaci," ta ce.

Da aka ja shi sallar Azahar na shiga na kifa teburin, na warware notin da ya riƙe ƙafafun. Na jera tubala na ɗora dutsen a kai, na mayar da Alƙur'anin inda yake. Na kai wa maƙerin ƙafafun ya ba ni dawa, na ɗauko a ka ta bayan gari don kada a gani.

Ranar Juma'a ina tsakar gida na ga Baba ya shiga ɗaki da ƙwaryar tsamiyarsa. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya durƙusa, ya miƙa hannu, ya shafa tubali. Ya matsa ya shafa ɗaya gefen. Sai ya ajiye ƙwaryar.

"Kai ne a nan?"

"Ni ne, Baba."

"Dawar da muke ci ke nan?"

"Ita ce."

Na jira faɗa, har na sunkuyar da kai. Ya share hannunsa a riga.

"Me ya sa ka bari sai yanzu?" ya ce. "Yarinyar nan tun yaushe take kwance?"

Kwana tara bayan nan ƙaramar ta rasu, da sauran dawa a tukunya. Baba ya ce shi zai yi mata salla. Na riƙe masa hannu na daidaita shi da alƙibla, na koma sahu.