Wata Goma a Bayan Tagar Kati

Ɗan yayata, wanda duk layinmu ke kira Saura-Kaɗan, tun yana rarrafe aka yanke masa zama likita. Ba ƙari nake yi ba, kyanwar gidansu sau bakwai yana ɗaure mata ƙafa, alhali lafiyarta lau. To da sakamako ya fito, maki biyu rak suka hana shi shiga makarantar likitanci. Duk wanda ya tambayi uwarsa sai ta ce, "Ai saura kaɗan ne." Shi ke nan suna ya bi yaro.

Abokansa uku suka ɗaure akwatuna suka tafi. Watan farko suna turo masa hotuna cikin farar riga, na biyu gaisuwa a tsaitsaye, na uku kuwa wayar tasa ta koma agogo. Yaron da surutunsa ke sa rediyo jin kunya ya zama sai ka yi masa magana uku kafin ka samu "to" ɗaya.

Dole ya jira shekara ya sake nema, kuma aka ce masa wannan karon ya haɗa da takardar shaida daga hannun likita, cewa ya yi aiki a asibiti. Babansa ya kai shi wani ƙaramin asibiti a bayan tashar mota. Babbar nas ta dube shi ta saman tabarau.

"Ina kake so in sa ka?"

"Inda ba wanda zai gan ni, ranki ya daɗe."

Ta kai shi ɗakin kati. Ɗaki ne da ko ɓera ya shiga sai ya fita da baya. Kantoci har rufi, fanka mai tari kamar tsohon mashayin taba, da wata 'yar taga iya faɗin faranti. Mara lafiya ya faɗi lambarsa, hannu ya fito da kati, hannu ya koma. Ta ƙofar baya yake shiga, ta nan yake fita. Da rana ya zauna a kan kwali, burodi a hannu, littafin ilmin jikin mutum a gwiwa, yana jin dariyar ma'aikata ta bango.

Aiki kam ya yi shi. Katunan shekara goma sha biyu ya jera su tsaf. Akwai tsohuwar da ya tarar an buɗe mata kati biyar, ya haɗe mata su wuri guda. Layin da ke kaiwa bakin titi ya ƙare tun kafin hantsi. Nas-nas suka sa masa suna Hannu, don abin da suka sani a jikinsa ke nan.

Saura mako uku a rufe karɓar takardu, ya goge riga har tana yankan ido, ya ƙwanƙwasa ƙofar likita.

"Me ke damunka? Ina katinka?"

"Ranka ya daɗe, a nan nake aiki. Wata goma. Takardar shaida na zo nema."

Likita ya ajiye biro. "A nan? Asibitin nan nawa?" Ya kira babbar nas. Ta leƙo ta ce, "Af, likita, ai Hannu ne!"

Likita ya ƙare masa kallo. Can ya ce, "Ɗana, katina na zuwa a kan kari, na gode. Amma me zan rubuta? Ban taɓa ganin ka tsaya gaban mara lafiya ba. Ni ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Gobe ka fito gaba, teburin awon hawan jini. Mako uku ina kallonka. In ba za ka iya ba, ka koma tagarka."

Teburin nan kuwa a tsakiyar ɗakin jira yake, inda rabin unguwarmu ke zama suna hira kamar an biya su. An ce ya fi awa a tsaye a ƙofar baya washegari, amma ya zagayo ya shiga ta gaba.

Wa kuke tsammani ta fara zama a gabansa? Maman ɗaya daga cikin abokan nan nasa, da muryarta mai tada mota.

"La! Saura-Kaɗan! Dama kana garin nan? Mu mun ce ko ka bi duniya ne. Nawa ɗan ai har gawa sun fara yankawa!"

Duk ɗakin aka juyo ana kallonsa. Kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Ya naɗa mata robar awo a damtse, ya ce, "Mama, ki daina magana minti ɗaya, in ba haka ba awon ba zai fita daidai ba." Jama'a, matar da ko a kujerar mai cire haƙori ba ta rufe baki, ta yi shiru! Jininta ya hau sosai, shi ya riƙe mata jaka har ƙofar likita.

Ranar ƙarshe likita ya ba shi takarda, layi shida. Ya kai ta makarantar da kansa, ya dawo gida da yamma ba wanda ya raka shi. Ya buɗe hotonta da ya ɗauka zai tura wa abokan, ya daɗe yana kallon wayar, ya mayar aljihu. Amsar makaranta ba ta zo ba tukuna. Yana nan a teburin gaba, kowa na ganinsa.