Atamfar da Ta Sha Ruwan Teku

Tana tsaye a ofishin kamfanin jiragen ruwa, gajeriyar dattijuwa mai gilashi ɗaure da zare, ta ƙi kujerar da aka nuna mata. Yatsunta sun yi kanta, irin ta wadda ta tsufa da almakashi a hannu. Da gani, gida guda ke ci daga rumfarta.

Akawu yana tura mata takardar karɓar kaya. "Mama, sa hannu kawai. Ruwan sama ne ya jiƙa dilarki bayan an sauke, babu ruwan jirginmu."

Ko kallon biron ba ta yi. Sai ta zaro turmin atamfa jiƙe sharkaf daga jaka, ta ɗora kan takardar.

"Takardar lodinku ta ce lafiya lau kuka ɗauko. To lasa ka ji, ɗana. In ruwan sama na da gishiri, yanzu in sa hannu."

Layi na ƙara tsawo, ana ta tsaki a bayanta. Ita ko gezau. Ta harɗe hannuwa, atamfa na ɗiga, tana jiran ya fito da harshe.