Rigunan Kujerun Motar Hamma

Motar Hamma, yayana, ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, kuma ta girme ni. Cikinta kusan taɓa ƙasa yake, shi ya sa da aka tura shi koyarwa can arewacin jiha ya bar ta a gidanmu na Yola, ƙarƙashin mangwaro. Dangi sun sha yi masa tsiya, wai mutum da hankalinsa ya sayi motar da ko buhun masara ba ta ɗauka.

Da garin da yake ya faɗa hannun 'yan bindiga, jama'a suka yi ta kwararowa Yola, wasu a ƙafa. Na yi ta sintiri zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi ina leƙa fuskokin mutane. Hamma bai zo ba, gawarsa ma ba ta zo ba.

Tun daga nan Dada, mahaifiyarmu, kullum da hantsi sai ta buɗe motar ta zauna a kujerar direba da carbinta. Ban taɓa tambayarta dalili ba, kuma rashin tambayar nan har yau yana ci min rai.

Shekaru suka ja. Zafin Yola ya farfasa fatar kujerun, soso ya leƙo waje. Bappa, ƙanin mahaifinmu, wanda ko sau ɗaya bai raka ni Malkohi ba, shi ya fara kawo maganar gado.

"Motan nan yana ruɓewa ne kawai," ya ce da Dada. "A yi wa yaro addu'a, a sayar, a raba."

"Mai shi bai mutu ba," in ji Dada, ta juya masa baya.

Ni tela ce, labule da rigunan kujerun falo nake ɗinkawa a Jimeta, kuma ina da zuciya. Na rantse sai na toshe wa Bappa baki. In motar ta yi fes, wa zai ce ba jiran mai ita take ba? Da Dada ta tafi Ngurore bikin suna, na sayo baƙar ledar kujera mai kauri, da soso, da jan zare.

Na kwance kujerun da sifana, na bi ɗinkin tsohuwar fatar da reza na farke ta gunduwa-gunduwa, don in shimfiɗa a kan sabuwar leda in zana da alli. Na kujerar fasinja suka kwanta lafiya. Na direba suka ƙi. Fatar ta miƙe, ta lotsa ta ɓangaren hagu, don Hamma a karkace yake tuƙi, gwiwar hannunsa a kan ƙofa. Ni kuwa, gwanar tela, na ce wannan aibi ne. Na yanka duka biyun da awon na fasinja, na cike lotsawar da sabon soso har ta tashi ɗam. Allura uku na karya kafin in gama. Tsohuwar fatar na haɗa da shara na cinna mata wuta.

Da Dada ta dawo na kai ta gaban motar, bakina har kunne. Ta shiga ta zauna. Ta gyara zama, ta sake gyarawa, ta shafa bayan kujerar da tafin hannu.

"Ina gurbinsa?" ta ce.

Ban gane ba, na fara yi mata bayanin soso.

"Ke, nan ne kaɗai nake jin bayansa. Ina tsohon fatan?"

Na nuna mata tokar da ke bakin katanga. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta fito ta rufe ƙofar a hankali, ba ta sake buɗe ta ba.

Kafin wata ya ƙare Bappa ya zo da wani mai tara tsofaffin motoci. Mutumin ya yi ta shafa jan zarena yana cewa kamar daga kamfani. Na tsaya ina jiran Dada ta kore su yadda ta saba.

"Ku ɗauka," ta ce. "Ba nasa ba ne."

A satin ta yarda aka tara mutane aka yi wa Hamma addu'a, ta karɓi gaisuwa. Abin da Bappa ya yi shekaru yana nema bai samu ba, ni na ɗinka masa da hannuna cikin kwana biyar. Har yau in mun haɗu a taron dangi, sai ya yabi ɗinkina a gaban jama'a.