Kaska Biyu a Tafiyarmu ta Ruga

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gida a unguwar Zaitawa cikin Kano, mu uku: kawuna, yayana da ni. Za mu je rugar wani tsohon aminin Baba ne a bayan Bichi, mu dubo shanun gidanmu da ke hannunsa, mu taho da sa ɗaya saboda bikin Yaya da ya matso. Gaskiya ni ba a sa ni a tafiyar ba. Riga kowa shiga adaidaita na yi, na rungume jakar Yaya, kuma kowa ya san ba a ɓamɓare ni. Tun ina rarrafe nake manne da shi, shi ya sa duk layinmu ba mai kirana da sunan yanka. Kaska ake ce min. Ku riƙe wannan sunan.

A wajen Ƙofar Dawanau muka sami mota. Kuɗinta ya ninka na bara, kujerun kuwa sun ragu. Direban ya cusa mu har sai da na ji numfashin wani dattijo yana fita ta hancina. Titin Katsina lafiya lau yake, gero ya yi kore shar hagu da dama. A Bichi muka karya da ƙosai mai zafi da kunu, daga nan babur ya shiga da mu daji, taɓo yana yi mana lalle har gwiwa.

An karɓe mu hannu bibbiyu. Na sha furar da ta sa na raina duk wadda ake damawa a birni. Amma damina ce, ciyawa ta kai ƙugu, kuma kaska ta yi wa shanun rubdugu. Akwai wata saniya, da za a kwashe na jikinta da iska ta ɗauke ta. Yaran rugar suka koya min wasansu: ka cizgo ƙosasshiya, ka matse ta tsakanin farce biyu, ta fashe ɗas, jini ya fantsama. Kafin yamma na fi su iyawa.

Abu ɗaya ne ya hana rugar daɗi. Jikan mai gidan, wani ɗan siriri da bai kai ni ba, yana kwance a bukka da zazzaɓi. Suka ce na damina ne, jiƙo ake ba shi. Duk sanda na leƙa, idonsa jawur, ba ya ko korar ƙuda.

Kwana biyu muka shirya yi, sai ruwa ya cika kwarin da ake tsallakawa, muka maƙale. A cikin kwanakin nan ne Yaya ya yafito ni bayan garke da hantsi. Ya duba gabas ya duba yamma, ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, sannan ya nuna min. Kaska ce a matsematsin cinyarsa, can wurin da ango ba zai so a ambata ba. Ta ƙoshi ta yi kamar goro. To, kamar wake. Na yi dariya har na zauna a kashin shanu.

Muka yi mata abin da muka ga ana yi. Na ɗigo mata kananzir daga fitila, ta ƙi saki. Na kyasta ashana na hure, na ɗana mata kan mai zafi, Yaya ya yi tsalle, ita ko gezau. Da ya gaji sai ya damƙe cikinta ya murɗa ya fizge. Ta fashe a hannunsa, bakinta ya saura a ciki. Muka shafa toka muka koma kamar ba a yi komai ba.

Ranar da ruwa ya janye Yaya ya tashi da ciwon kai da rawar ɗari. Kawu ya ce a bar san bikin a ruga, a tafi. A wani gari na bakin titi mai kemis ya kalle shi daga nesa ya ce maleriya ce, ya ba da ƙwayoyi. Kowa ya yarda, don a wurinmu duk zazzaɓi na sauro ne. A mota Yaya ya kwantar da kansa a cinyata, ya riƙe rigata gam. Jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Tunda nake, ranar ce ya fara manne min, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan. Ban tsokani kowa ba har muka shigo Kano.

Ba mu biya gida ba, asibiti muka wuce, Umma ta same mu a can. Aka gwada jini, babu maleriya. Wasu ƙuraje jajaye suka fara feso masa a hannu. Likitar mace ce. Ta tambaya ko ya shiga daji, ko wani abu ya cije shi. Yaya ya kalli Umma, ya kalli Kawu, ya girgiza kai. Sannan ya kalle ni.

Na ce, "Kaska ce ta kama shi."

Kawu ya yi tsaki ya ce wa likitar ta yi haƙuri, sunana ne haka, kuma bakina ba ya gajiya da shirme. Umma ta ce in fita waje, ɗan'uwana yana kwance ina wasa. Ban ga laifinsu ba. Ni ne na taɓa ba su labarin ɓeran da ya ja min takalmi har Ƙofar Na'isa. Na kai bakin ƙofa, na juyo na ga Yaya ya rufe ido, haƙoransa suna haɗuwa. Sai na dawo.

"Likita, ba ni ba, ta shanu. A matsematsinsa take, ta hagu. Ki sa a duba."

Da ƙarfi na faɗa, a gaban Umma, a gaban Kawu, a gaban duk masu jinya. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. Likitar ta sa aka ja labule, ta kira abokin aikinta namiji. Suka tarar da baƙin ɓawo a wurin, gefensa ja, ga kaluluwa ta tashi. Nan take aka canza magani. Ta dinga tambaya ko yana haɓo, ko dasashinsa na jini, ta ce akwai irin ciwon kaska da ke sa zubar jini, shi ne abin da take tsoro.

Daga baya ta zaunar da ni na ba ta labarin kananzir da ashana. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wuta da kananzir da matsa suna iya sa kaska ta amayar da abin cikinta a jikin mutum. Matsefata ake sawa, a kama ta ta kai, dab da fata, a ja a miƙe a hankali ba murɗawa, a wanke da sabulu. In zazzaɓi ya biyo baya, a faɗi cizon ko a ina yake. Da ta ji wasan farcena sai ta kama hannuwana tana juyawa, tana neman rauni. Ta ce ni ma a sa min ido.

Muna asibitin aka kira Kawu daga ruga. Yaron nan na bukka Allah ya yi masa rasuwa. Ba wanda ya san abin da ya kashe shi, don ba a kai shi ko'ina ba. Kawu ya roƙi kakan ya kawo duk wanda ya fara zazzaɓi, ya kuma yi ta maimaita masa maganar matsefata. Ni dai ina ta tuna jan idon nan.

Da aka sallami Yaya muka koma Zaitawa, ba sa, ba tsaraba. An ɗaga biki. Ya rame har agogonsa yana zamewa. Kullum da safe Umma sai ta taɓa goshina kafin ta amsa gaisuwata. Abin da na ɗauko a tafiyar nan ba shi da yawa: ba duk zazzaɓi ne na sauro ba, kuma kunya a gaban likita tana iya kai mutum kushewa.

Tun ranar asibiti Yaya bai yi min magana ba, kuma duk gidan an daina kirana da sunan nan, sai na yanka, kamar baƙo. Jiya da la'asar yana kishingiɗe a soro, na zo wucewa ina sanɗa. Bai ko buɗe ido ba.

Ya ce, "Kaska, zo ka zauna nan."