Ɗorawar Usaini

Badaru, wani manomi a ƙasar Shanono, mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Ƙani ɗaya gare shi, Usaini, aka kwashe shi zuwa yaƙin Bama a zamanin Turawa, daga nan shiru. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ga inda ya faɗi.

Da Badaru ya ji an gina wa sojojin da suka mutu abin tunawa a birni, ya ɗaura guzuri ya taka da ƙafa. Ya tarar da dogon ginshiƙin siminti an kewaye shi da sarƙa, rana na dukansa, ko ɗan tsako ba zai samu inuwa ba. Ya dawo ransa a ɓace.

"Haba jama'a! A tuna da mutum a wurin da ba a iya zama?"

Sai ya dasa ɗorawa a tsakiyar gonar gadonsu. A ƙasar da ake rigima kan kunyar gona ɗaya, wannan ai hauka ne, kuma an faɗa masa. Ya yi kunnen uwar shegu. Bishiya ta girma, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse neman abinci, ya rage daga shi sai bishiyar. Da la'asar yakan jingina da ita yana ba ta labarin gari. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai.

Da babban fari ya zo, mutane suka sare itatuwan karkarar kaf suna kaiwa kasuwa. Mati, maƙwabcinsa, ya zo da gatari.

"Yaya Badaru, yunwa za ta kashe ka. Bari in sare mata ko reshe ɗaya a sayar."

"In ka sare ta, Usaini ba shi da alama a bayan ƙasa. Mayar da gatarinka."

Badaru bai ga damina ba, ya rasu. Aka haƙa kabari, aka nemi itacen da za a jera a kansa kafin a zuba ƙasa, kaf garin babu. Mati ya daɗe tsaye gindin ɗorawar yana share hawaye, sannan ya hau ya saro rassa, ya bar mata sauran.

Da suka gama jerawa, ya leƙa ramin ya ce, "To Yaya, ga ƙaninka nan ya iso."